Wata Uku Ba A Faɗa

Ruwan da Shulan ta kurɓa don kuskure baki shi ya fara nuna akwai matsala. Maimakon ya tsaya, sai ya silalo ta gefen hagu ya jiƙa mata wuyan riga. Ta ɗaga kai ta dubi madubi, gabanta ya yanke ya faɗi. Bakin ya karkace zuwa dama, kuncin hagu ya saki, idon hagun kuma ta yi ta yi ya rufu ya ƙi.

Surukarta, Tsohuwa Pang, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Kallo ɗaya ta yi mata ta dafe ƙirji.

"Ai ga irinta nan! Sau nawa zan ce miki ki daina kwana taga a buɗe? Sanyi ya bugi fuskar. Sa takalminki, asibiti za mu, wajen Likita Duan mai maganin gargajiya na soka allurai a jiki. Irin wannan in ya kwana biyu, shi ke nan, haka za ki tsufa da baki a kunne."

"Mama, a bari zuwa gobe mana," in ji Shulan. Maganar ta fito a tauye, kamar da tuwo a bakinta.

"Goben wa? Dehai ya dawo ya tarar da matarsa haka, in ce masa me? Wuce mu tafi."

Ba fuskar ce ta fi damun Shulan ba. Ciki gare ta, saura kaɗan ya cika wata uku, kuma duk duniya ba wanda ya sani. Ko mijinta Dehai, wanda ya koma aikin gini can bakin teku tun bayan hutun Sabuwar Shekara, ba ta faɗa masa ba. Ba don mugunta ba ne. Cikinta na fari, ranar da ta sani ranar ta faɗa, kafin la'asar tsohuwa ta shelanta wa duk ƙawayenta da suke zama teburi ɗaya suna buga wasan majan, har ana gardamar ƙwai nawa za a rina ja a raba wa mutane ranar bikin haihuwa. Bai rufa wata biyu ba ya zube. Na biyu mutum biyu kawai ta gaya wa, miji da uwarsa, amma tsohuwa ta kasa haƙuri, ta je kasuwa ta sayo ɗan takalmi mai kan damisa, mai shagon kuwa ƙanwar maƙwabciyarsu ce. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. A lokacin ne mahaifiyar Shulan ta kira ta daga ƙauye, ta ce, "'Yar nan, ɗan da bai kai wata uku ba mai saurin fushi ne. Da ya ji ana zancensa sai ya tattara ya koma. Ki kulle bakinki, ko bango kada ki gaya wa." Kowa a garin ya san wannan al'ada, amma yawanci ana gaya wa na cikin gida. Shulan kuwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɓoyon nan ya ci mata rai ba kaɗan ba. In amai ya taso mata a shagon ɗinki, sai ta ce ƙaurin man keke ne. A gida kuma, da yake ta san tsohuwa na leƙa kwandon shara, duk wata sai ta naɗe audugar mata wadda ba komai a jikinta ta jefa. Tsohuwa ta gani, ta yi tsaki, ta ƙara kunna wa gunkin uwar jinƙai turare. Shulan tana jin tausayinta, tana kuma jin haushinta, duka biyun.

Ɗakin allura yana ƙasan asibitin gargajiya na gunduma, ana shiga hayaƙin tazargade ya tari mutum. Gadaje jere, labule akwai amma ba wanda ya taɓa jan sa, don haka kowa ya san ciwon kowa, har da na mijin kowa. Can wani tsoho ya kifa ciki, bayansa cike da ƙahon gilashi masu kama da kofuna, fatar ta taso jajir a ciki. Nan wata mata, gwiwarta ta sha allurai, jar fitila na gasa ta. Wadda ke gadon kusa da teburin likita kuwa Goggo Tao ce, tsohuwar mai sayar da taliya, wadda ciwon kafaɗa ya mai da ita 'yar gida. In ka ga bakin Goggo Tao a rufe, to barci take.

"Lale da Pang! Yau kuma me ya karye?" Sai ta hango Shulan. "Af, sarakuwar taki ce? Kai, kai, kai. Yarinya, wa kika yi wa gatsine bakin ya ƙi dawowa?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Tsohon mai ƙaho ya ce daga cikin matashi, "Ke dai Tao, da naki bakin ne ya karkace da mun huta."

"Yi shiru, tsohon kunkuru, kada kofunanka su zubo."

Likita Duan ya ajiye gorar shayinsa ya nuna wa Shulan kujera. Gajere ne mai furfura, yatsunsa sun yi rawaya saboda hayaƙi. Ba mugu ba ne, ba kuma mai wasa da aiki ba, sai dai mutane sun yi masa yawa, layin har waje. Ya ce ta ɗaga gira, ɗaya ta ɗagu. Ya ce ta hura kumatu, iska ta tsere ta gefe. Ya ce ta fito da harshe, ya duba samansa da ƙasansa. Sannan ya ɗora hannunta a kan ɗan matashi, ya aza yatsu uku a wuyan hannun, ya lumshe ido.

Ya daɗe a haka. Ya karɓi ɗaya hannun, ya danna, ya sassauta, ya sake dannawa. Shulan ta ji zuciyarta na bugawa har cikin kunne, ta tabbata yatsun nan sun riga sun ji komai.

"Barci fa?"

"Ina yi."

"Bayan gida?"

"Lafiya."

"Sanyi kika fi ji ko zafi?"

"Sanyi."

Ya buɗe ido ya dube ta. "Jinin wata fa, yaushe rabonki da shi? Ko akwai ciki?"

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun masu kasa kunne. Goggo Tao har da ɗago kai. Tsohuwa Pang na tsaye a kanta riƙe da jaka.

"Babu," in ji Shulan. "Makon jiya na gama."

"Kin tabbata?"

Tsohuwa ta karɓe da ɗaci. "Likita, ciki a gidanmu? Ai da ka ji ƙarar wasan wuta tun daga nan. Ni ce shaida, da idona na gani. Ba komai a cikin nan sai shinkafa."

Likita Duan ya ɗan jinjina kai, ya ce to danshi ne ya yi wa jikin yawa, shi ma yakan sa jijiya ta yi bugu irin na mai ciki, ga jinin kuma ya yi rauni. Ya nuna mata gadon da ke gefen Goggo Tao, ya ce ta cire takalmi da safa, ta naɗe ƙafar wando, ta kwanta rigingine.

Shulan ta kwanta tana gaya wa kanta ai fuska ce za a yi wa aiki, ina ruwan fuska da mara. Ya goge mata goshi da kunci da auduga mai sanyi mai warin sifirit. Ya yage takarda ya zaro allura siririya kamar gashin doki, ya dafa fatar, ya ɗan ƙyasta ta da yatsa, ta shige. Cizon sauro ma ya fi ta zafi. Ɗaya saman gira, ɗaya gefen hanci, ɗaya a kusurwar baki, ɗaya a muƙamuƙi, wata bayan kunne. Kowacce sai ya murza ta tsakanin yatsu biyu yana tambaya, "Ya iso?" In ta ji wani nauyi mai tsami ya bazu a ƙarƙashin fata, sai ta ce ya iso, ya wuce ta gaba.

Sai ya kama hannunta, ya laluba tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ya soka. Wannan kam ta ji ta, tsamin ya harba har gwiwar hannu. Ya yi wa ɗaya hannun haka. Ya koma ƙafa, ya auna yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, ya soka nan ma, hagu da dama.

"Na ƙafar don jinin ne," ya ce. "Kada ki motsa. In an jima zan dawo in ƙara murza su." Ya jawo jar fitila ya saita ta a kuncinta, ya tafi wajen tsohon mai ƙaho.

Tsohuwa Pang ta zauna a bakin gadon, ta fito da 'ya'yan kankana tana ɓarawa. Goggo Tao ta juyo da kai tana ƙare wa Shulan kallo daga sama har ƙasa, irin kallon mai neman abin faɗa. Ai kuwa ta samu.

"Pang, kin ga na hannun nan da na ƙafar? Ni ba zan manta da su ba har in mutu. Lokacin cikin babban ɗana, wata ya cika ya wuce, yaro ya ƙi fitowa, ya miƙe ƙafa abinsa kamar ya biya haya. Ungozomar ƙauyenmu ta ce in kwanta. Nan da nan, daidai wuraren nan huɗu ta soka mini, ta yi ta murzawa. Kafin tukunyar shinkafa ta nuna, naƙuda ta taso. Shi ya sa kika ji yana ta tambayar ciki. Mai ciki ba a taɓa mata nan, ko da wasa."

"To mu ina muka ga cikin," in ji tsohuwa, ta tofar da ɓawo a tafin hannu.

Shulan ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi. Ta kasa juya kai saboda alluran fuska, sai ido ta gangarar ta kalli hannunta. Allurar na tsaye a tsokar tana ɗan rawa tare da bugun jininta. Ta ji mararta ta ɗaure. Ko tsoro ne, ko abin ne ya fara, ba ta sani ba.

Rana zafi, inuwa ƙuna. In ta yi shiru, alluran na nan, likita kuma zai dawo ya murza. In ta yi magana, ba mutum biyu ba, ɗaki guda ne zai ji, da Goggo Tao a ciki, wato gari guda. Ta ce a ranta, ɗan nan, ka yi haƙuri, bari in nemo mana wata hanya.

"Mama, fitsari nake ji."

"Matse shi. Ba ki ji ya ce kada ki motsa ba?"

"Mama, hannun nan zafi yake mini. Ki ce ya cire na hannu da na ƙafa."

Tsohuwa ta ɗaga murya. "Likita, wai zafi take ji!"

Daga can ya amsa, bai ko juyo ba. "Zafi mai suka, ko tsami da nauyi?"

Shulan ta yi jinkiri, tsohuwa ta amsa mata. "Tsami ne mana. Raki ne kawai irin na yaran zamani."

"To ai shi ake nema. Magani ne yake aiki."

"Kin ji ko," in ji Goggo Tao. "Ni da ake soka mini goma sha wani abu a kafaɗa kullum, kin ji na yi kuka? Daure, yarinya. Mace ai da ɗaci aka san ta."

Shulan ta ɗaga hannun dama a hankali, tana son ta kai shi ga na hagu ta fizge allurar da kanta. Yatsun na motsawa tsokar ta kama allurar, wani azababben zafi ya tsarga mata har kafaɗa. Tsohuwa ta cafke wuyan hannun ta danne shi a katifa.

"Ke, kina hauka ne? So kike ta karye a ciki? Wai me ke damunki yau?"

Hawaye ya cika idon hagun da ba ya rufuwa, ya gangara cikin kunne. Tsohuwa ta goge mata da bakin hannun riga, ta ɗan sassauta murya. "Haba, Shulan. Saura kaɗan. In mun fita zan saya miki miyar kaza."

Sai ga Likita Duan ya dawo yana goge hannu. Ya fara da na goshi, ya murza. Na hanci. Na baki. Shulan tana bin sa da ido. Ya sauko ya kai yatsu kan allurar hannun dama.

"Ina da ciki," ta ce.

Da karkataccen baki da allura a kusurwarsa, abin da ya fito ba magana ba ce, gurnani ne. Likita ya sunkuyo. "Me kika ce?"

Wayyo, faɗa ɗaya ma da yaya, ga shi sai ta sake. Ta tattara duk ƙarfinta ta ɗaga murya, har tsohon mai ƙaho ya ɗago kai.

"Ciki gare ni! Ya kusa wata uku!"

'Ya'yan kankana suka watse a ƙasa. Likita Duan ya hau zare alluran. Hannunsa ya yi sauri irin wanda Shulan ba ta taɓa gani ba, na ƙafa biyu, na hannu biyu, sannan na fuska ɗaya bayan ɗaya, yana danna auduga a kowane gurbi. Sai da ya zuba su a kwano ya dubo ta, fuskarsa ta yi fari fat don fushi.

"Sau biyu na tambaye ki. Sau biyu! Ana zuwa wanka a ɓoye cibiya? Shekara talatin ina wannan aiki ban taɓa soka wa mai ciki nan ba, sai yau da kika sa ni."

"Wata ukun ne bai cika ba," in ji Goggo Tao a hankali, kuma karon farko ba wanda ya yi dariya da maganarta.

Likita ya ja dogon numfashi ya sauke murya. "Akwai ciwon mara? Jini?"

"Ta ɗaure kaɗan."

"Saurara. Ba su daɗe ba, ban kuma murza da ƙarfi ba. Sau da yawa ba abin da ke faruwa. Amma ba zan sallame ki a kan zato ba. Ku hau sama wajen masu hoton ciki yanzu, zan kira su in ce kuna tafe. Tsohuwa Pang, riƙe ta, kada ta yi sauri a matakala."

Tsohuwa Pang ta durƙusa ta sa wa Shulan safa da takalmi da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi murna ba. Sai da suka kai tsakiyar matakala, inda ba kowa, ta tsaya tana haki.

"Audugar nan da nake gani a shara fa?"

"Ba komai a jikinta, Mama."

"Saboda bakina ne ko?"

Shulan ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ta ɗaga hannu ta mari bakinta da kanta, mari mai ƙara, ta sake. Shulan ta riƙe mata hannu, suka ci gaba da hawa.

Mai hoton wata matashiyar likita ce mai tabarau. Ta shafa wa Shulan mai mai sanyi a mara, ta ɗora na'urar tana zagayawa da ita, idonta a kan allo. Shulan ba ta kalli allon ba, fuskar likitar take kallo. Ta ga ta matso da kujera. Ta ga ta danna wani abu, ta auna, ta sake aunawa. Tsohuwa na tsaye a bakin ƙofa tana motsa leɓe, tana yi wa uwar jinƙai alkawarin turaren shekara guda.

Likitar ta ajiye na'urar ta miƙa wa Shulan takardar goge ciki.

"Yaya, ki yi haƙuri. Zuciyar ba ta bugawa."

Tsohuwa ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa. "Allurar ce! Ni na kawo ta, ni na danne mata hannu!"

"Ba ita ba ce, Mama," in ji Shulan, muryarta a bushe. "Ni ce na faɗa. Ɗaki guda ya ji."

Likitar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai. "Ba allura ba ce, ba kuma wata magana ba ce. Ku duba girmansa. Ya kai mako biyu da tsayawa, ko fiye. Jikin ne bai sake shi ba tukuna. Ko da kun zo jiya, abin da zan gani ke nan."

Mako biyu. Shulan ta kwanta tana kallon rufi. Ashe duk daren da ta dafa mara tana ce masa ya ƙara haƙuri sun kusa, ba kowa a wurin. Ashe ƙaryar da ta yi wa likita, da hannun da ta kusa yagewa, da ihun da ta yi a gaban mutane, duk a kan wanda ya riga ya tafi ne. Na fari an yi masa gardamar ƙwai, na biyu ya samu takalmi. Wannan kuwa ya zo ya zauna iya zamansa ya koma, ba wanda ya taɓa yin murna da shi, ko ubansa. Baƙin cikin wannan ya fi mata na rashin ciwo, ta so ta yi kuka sosai, amma rabin fuskar ne kawai ya yamutse.

Likitar tana bayanin wankin ciki, da cewa sai miji ko wani na gida ya sa hannu. Tsohuwa ta rarrafo ta kama gefen gadon ta miƙe, ta lalubo waya a jaka. Ta nemo sunan Dehai, ta tsaya, ta dubi sarakuwarta.

"In kira shi? Ko kada in faɗa? Duk yadda kika ce, Shulan."

Shulan ta goge man da ke cikinta, ta ja riga ta rufe, ta miƙa hannu.

"Ba ni, Mama. Ni zan gaya masa. Sai na fara ce masa na samu ciki, ya ɗan yi murna tukuna, kafin in gaya masa sauran."